Yadda ake zuwa fadar Pavlovsk daga Pitasbag ba tare da yini ya ƙare a hanya ba

Duk ɗalibin da ya yi 'yan watanni a Sant Pitasbag ta ƙasar Rasha zai ji ana ce masa ya leƙa Pavlovsk idan ganye ya fara rikiɗa ja da ruwan ɗorawa. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne wurin abu biyu ne, tsohuwar fadar sarauta da ta zama gidan tarihi, da gandun shaƙatawa, kowanne da tikitinsa da lokacinsa, kuma tsakanin tashar jirgi da ƙofar fadar akwai tafiyar ƙasa ta wajen rabin awa. Garin yana kudu da Pitasbag da kimanin kilomita 30, gandun kuwa ya kai hekta 600. Na sha zuwa wurin, amma wanda zan bi daki-daki a nan shi ne zuwan da muka yi wata Asabar a ƙarshen Satumba, ni da sababbin ɗalibai biyu da na yi wa rakiya, domin a ranar ne muka ci karo da kusan duk abin da ke rikita baƙo.

Shirin daga daren jajibere yake farawa. Na sa kowa ya haɗa fasfonsa, da katin shigowa ƙasa da ake bayarwa a filin jirgi, da takardar rajistar masauki, da katin ɗalibi. Ba wai ana tambayar ukun farko a ƙofar fada ba ne, amma baƙo a Rasha ba ya fita ba su, musamman idan zai bi ta tashar jirgin ƙasa inda 'yan sanda ke tsayawa. Sai kuɗi. Tun watan Maris na 2022 katin Visa da Mastercard da aka yi a wajen Rasha ba sa aiki a can, saboda haka katin bankinka na gida ba zai saya maka ko ruwan sha ba. Ko dai katin bankin Rasha, ko tsabar rubul, kuma gara ka riƙe duka biyun. Sai a buɗe shafin gidan tarihin a tabbatar fadar a buɗe take a ranar, domin gidajen tarihin Rasha suna da ranar share-share da suke rufewa, kuma wasu sassan fadar suna da nasu ranakun hutun daban. Na ƙarshe, a duba lokutan jirgi a manhajar Yandex ko Tutu. A ranakun aiki sau da yawa akwai giɓi da tsakar rana da jirage ke yin ƙaranci, wanda ya makara da safe yana iya shafe fiye da awa ɗaya a kan benci.

Mun isa tashar Vitebsky ƙarfe 8:30. Jirgin ƙarƙashin ƙasa zai sauke ka a Pushkinskaya, a kan jan layi, kana fitowa ga tashar nan. A ƙofa akwai na'urar duba jaka, ka ɗora, ka wuce. Inda mutane ke fara ɓata shi ne wurin sayen tikiti, domin tagogin jiragen nesa daban, na jiragen kewayen gari daban. Wanda kake nema shi ne na kewayen gari, wanda kowa ke kira elektirichka. Muna da zaɓin injin sayar da tikiti ko taga, muka bi taga saboda sababbin su ga yadda ake yi. Abu uku sun isa: ka faɗi Pavlovsk, ka ce "tuda i abratna", wato zuwa da dawowa, ka nuna yawan mutane da yatsa. Tikitin zuwa kaɗai bai kai rubul 100 ba a lokacin. Za a ba ka wata 'yar siririyar takarda kamar rasiɗin kanti, mai zanen layuka a ƙasa. Ita ce kake ɗora wa ƙofar ƙarfe ta buɗe, ita ce masu duba tikiti za su tambaya a cikin jirgi, kuma ita ce za ta fitar da kai idan ka dawo. Ɗaya daga cikin yaran ya dunƙule tasa ya cusa a aljihun wando, da muka zo ƙofa na'urar ta ƙi karantawa, sai da muka shimfiɗe ta a bayan waya muka goge da farce. A saka ta cikin fasfo, a miƙe. Jiragen a bene suke tsayawa, sai an hau matakala. A allon sanarwa ba lalle ka ga sunan Pavlovsk ba, domin allon ƙarshen zangon jirgi yake nunawa, kamar Oredezh ko Novolisino. Ka kwatanta lokacin da ke allon da wanda manhajarka ta ba ka, kuma ka haddace yadda ake rubuta sunan da harufansu: Павловск.

Tafiyar minti 35 ce zuwa 40. Wanda yake zaune a kudancin birni ba sai ya wahala zuwa Vitebsky ba, ya bi shuɗin layin jirgin ƙarƙashin ƙasa har ƙarshensa, Kupchino, ya hau jirgin daga can. Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa ne tasha ɗaya kafin a iso. Jirgin zai tsaya a Tsarskoye Selo, rabin taragon su miƙe da kyamarori, kai ma ƙafarka ta ɗauke ka. Waɗannan fadar Katarina za su, a garin Pushkin, wata fada ce daban mai shuɗin bango da ruwan zinariya. Ka zauna, ta gaba ce taka. Wannan layin da kake kai shi ne layin dogo na farko da aka buɗe wa jama'a a Rasha: ya kai Tsarskoye Selo a 1837, ya iso Pavlovsk a 1838. A da har cikin gandun yake shiga, inda aka gina tasha mai zauren kiɗa don a jawo fasinja, kuma Johann Strauss ya yi shekaru yana jagorantar makaɗa a wurin tun daga 1856. Wannan tashar ta ƙone a yaƙin duniya na biyu, wadda za ka sauka a yau a bakin gandun take.

Kana fitowa ka tsallaka titi, ga ƙofar gandu da 'yar rumfar tikiti. Kuɗin shiga ba shi da yawa, amma na gandu ne kawai, ba ya shigar da kai fada. A nan ne ake yanke shawarar da ke gyara yini ko ta ɓata shi. Akwai bas da ke tashi daga gaban tasha ya sauke ka a titin Sadovaya, dab da fadar, cikin 'yan mintuna. Akwai kuma hanyar ƙafa ta cikin gandu. Mu ƙafa muka bi, kuma ban ba kowa shawarar haka ranar Asabar ba. Hanyar miƙaƙƙiya ce tsakanin dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, iska na ƙanshin danshi, kuma ba a yi nisa ba kurege ya sauko. Ba irin namu na rami ba ne, wannan ja ne, a bishiya yake kwana, da tukkun gashi a kan kunnuwa. Ya saba da mutane ƙwarai. Ka shimfiɗa tafin hannu da 'ya'yan itace ka tsaya cak, zai sauko da kai ƙasa, ya dafa yatsanka da 'yan faratansa masu sanyi, ya ɗauki ɗaya, ya juya shi a baki, ya je ya binne, ya dawo. Wayonsa dai na tatsuniya ne, domin minti 40 ya cinye mana ba mu ankara ba. Da muka iso fada, motocin 'yan yawon buɗe ido sun riga mu.

Fadar ba ta da ƙyalƙyali daga waje. Bango ruwan ƙwai da fari, ginin tsakiya mai hawa uku, bisansa ƙubba zaune a kan siraran ginshiƙai 64, sai fikafikai biyu da suka lanƙwaso suka rungume fili, a tsakiyar filin mutum-mutumin Sarki Pavel na Ɗaya. Salon shi ne wanda Turawa suka farfaɗo da shi a ƙarni na 18 daga ginin tsoffin Girkawa da Romawa: ginshiƙi, ƙubba, daidaiton dama da hagu, ado kaɗan. Sarauniya Katarina ta Biyu ce ta ba ɗanta Pavel da matarsa Mariya Feodorovna filin a 1777, tukwicin haihuwar jikanta Aleksanda. Charles Cameron ya gina fadar daga 1782 zuwa 1786, Vincenzo Brenna ya faɗaɗa ta bayan Pavel ya hau mulki a 1796. Na yi wa yaran wannan bayanin ne a kan layi, domin mun samu lokacinsa: minti 25 muka yi kafin mu kai taga. A tagar aka karɓi katin ɗalibi na sababbin biyu aka yi musu ragi, nawa aka juya shi aka miƙo mini. Laifina ne. Katin ɗalibi a Rasha sai an kai shi ofishin tsangaya an buga masa hatimin sabuwar shekarar karatu, ni kuwa ban kai ba, ga shi Satumba ta kusa ƙarewa. Na biya cikakken kuɗi, wanda ya ninka na gandu sau da yawa. A wannan tagar kuma za ka faɗi abin da kake son gani, domin manyan ɗakunan sarauta tikitinsu daban da na wasu nune-nunen. Idan zuwan farko ne, manyan ɗakunan sun ishe ka. Akwai na'urar saurare mai bayani da Turanci, kuɗinta daban, kuma ta cancanci kuɗin idan Rashancinka bai nuna ba.

Kafin a shiga sai an bi ta ma'ajiyar kaya. Rigar sanyi da babbar jaka dole a ajiye, ba roƙo. Za a ba ka 'yar lamba, ka adana ta kamar tikitin jirgi, ɓatar da ita tara ce. Wani ƙaramin abu da ba wanda ke faɗa: rigarka ta kasance da 'yar igiyar ratayewa a wuya, domin matan da ke karɓar kaya ba sa son rigar da ba ta da ita, kuma za ka gane haka a fuskarsu. Daga nan sai a saka rufin takalmi don kare daɓen katako. A saka shi a zaune, kuma a taka matakala a hankali, yana da santsi. Ka fitar da wayarka da ruwan shanka ka san inda ka bar su, ruwan ba ya shiga ciki. Hoto an yarda, ban da walƙiya.

Ɗakin farko shi ne zauren Masar, a ƙasa, da baƙaƙen mutum-mutumai 12 a jere jikin bango, kowanne na wakiltar wata ɗaya na shekara. Andrei Voronikhin ne ya ba shi wannan kamar bayan gobarar da ta ci fadar a 1803. Sai a hau bene zuwa zauren Italiya, wanda yake daidai ƙarƙashin ƙubbar, haske na sauko masa daga sama. A nan nake ba da shawarar a tsaya a fahimci tsarin gidan, in ba haka ba ɗakunan za su cakuɗe a kai. Daga tsakiya ɗakuna sun rabu jeri biyu: na arewa na maigida, na kudu na uwargida. Jerin Pavel ya ƙare da ɗakin yaƙi, adonsa makamai, jerin Mariya kuma yana da ɗakin zaman lafiya, adonsa furanni da kayan kiɗa da kayan noma. Zauren Girka ne ya haɗa su, mai korayen ginshiƙai da za ka rantse marmara ne, alhali kwaɓi ne aka yi wa launi aka goge har ya yi sheƙi. Kada ka kai hannu don ka tabbatar. A kowane ɗaki akwai dattijuwa zaune a kujera a lungu, kamar tana gyangyaɗi, amma kafaɗarka na gittawa kan igiya za ka ji muryarta. A ɗakin barci na alfarma akwai gado mai rumfa da ba a kwana a kansa, na nuna sarauta ne kawai, kusa da shi kuma kayan kwalliya na tangaran ɗin Sèvres da sarauniyar Faransa Marie Antoinette ta ba Mariya a 1782, lokacin da ita da mijinta suka zaga Turai suna sayen kujeru da agoguna da zane-zane don wannan gidan. Sauran, wato doguwar barandar zane-zane mai lanƙwasa, da zauren gadon sarauta, da zauren mayaƙan Malta, da cocin fada, mun bi su da ɗan sauri saboda ayari na biye da mu. Wanda zai je da iyali ya sani akwai mutum-mutumai marasa tufafi, ciki da waje. Awa ɗaya da rabi muka yi.

Akwai abin da in ba ka sani ba, rabin kallon ka yi. Kusan duk adon bango da rufin da ka gani an sake yin su ne. Sojojin Jamus sun kama Pavlovsk a Satumban 1941, suka riƙe shi har Janairun 1944, suka bar fadar tana ci da wuta, gandun kuma an sare masa itatuwa wajen 70,000. Abin da ya ceci gidan shi ne aikin da ma'aikatansa suka yi kafin a iso musu. Sun kwashe abin da za su iya zuwa garuruwa masu nisa a cikin Rasha, wasu kayan suka kai babban cocin Ishaƙu da ke Leningrad, sunan Pitasbag a lokacin. Inda kujeru suke saiti guda, sai su ɗauki ɗaya ta zama samfur. Tsoffin mutum-mutuman marmara suka shigar ɗakin ƙarƙashin ƙasa suka gina bango suka toshe, na cikin gandu kuma suka binne su a rami mai zurfin kusan mita 3. Anna Zelenova, wadda ta shugabanci gidan tun tana matashiya a lokacin yaƙin, ita ta tsaya kai da fata sai an sake gina shi, da taimakon tsoffin zanen magina da hotuna da gutsattsarin adon da aka tsinto cikin toka. An buɗe ɗakunan farko a 1957, aikin ya ci gaba fiye da shekara 20 bayan nan. Don haka idan ka ga kujeru a jere, ka duba da kyau, wataƙila ɗaya ce ta ga zamanin Pavel, sauran 'ya'yanta ne. A ganina wannan ya fi zinariyar fadar Katarina abin kallo.

Mun fito wajen ƙarfe 1, lokacin azahar. Babu masallaci a kusa, kuma ban ɗaki kaɗan ne, na kuɗi, yawancinsu kusa da fada da ƙofofi. Dabarar ita ce a yi alwala kafin a nutsa cikin gandu, a riƙe 'yar darduma mai naɗewa da leda ta shimfiɗawa ƙarƙashinta, domin ciyawar a jiƙe take ko ba a yi ruwa ba. Wurin da ba kowa ba ya wahalar samu. Da bazara a yi hattara da doguwar ciyawa, akwai kaska mai sa cuta. Abinci kuma a zo da shi daga gida. Akwai wuraren shan shayi, amma tsada gare su, kuma ba za ka samu mai tabbatar maka da irin naman da ke cikin burodi ba.

Gandun ba daji ba ne da aka kewaye, ko da yake an yi shi ne don ka zaci haka. Salon Ingila ne: a datse ƙaramin kogi ya zama tafki, a shuka itatuwa gungu-gungu, a lanƙwasa hanya yadda gini zai ɓace maka ya sake bayyana ta wata fuska. Kogin Slavyanka ne ƙashin bayansa, kuma wanda yake da awa uku kawai ya bi kwarinsa. Daga bayan fada ka gangara, ka tsallaka gada ka waiwayo, nan ne fadar ta fi kyau, a kan tudu, inuwarta cikin ruwa. A wannan tsallaken akwai da'irar ginshiƙan Apollo, wadda gefenta ya rushe a wata guguwa a 1817 aka bar shi a haka da gangan, domin masu gidan sun ga kufai ya ƙara masa kyau. Ka bi ruwa zuwa ɗakin Abota, zagayayyen gini mai ginshiƙai 16 da Cameron ya yi don girmama Katarina. Gaba akwai hasumiyar Pil mai rufin ciyawa, wadda tun ranar da aka gina ta aka yi ta kamar tsohon kango. Sai ka hau zuwa sashen da ake kira Tsohuwar Silbiya, inda hanyoyi 12 suka fito daga fili ɗaya mai mutum-mutuman tagulla. A nan muka ɓata. Hanyoyin kama ɗaya gare su, mun ɗauki wadda muke zaton ta fada ce, ta kai mu wajen kabarin tunawa da Pavel a cikin duhun itatuwa. Ka ɗauki hoton taswirar da ke bakin ƙofa tun da safe, kuma ka sauke taswirar waya, domin sabis yana rauni a wasu lungunan. Sashen da ake kira Farin Birch, wanda Pietro Gonzaga, mai zanen dandalin wasan kwaikwayo, ya tsara ta hanyar zaɓen itacen da za a sare da wanda za a bari, shi ne mafi faɗi da nisa. Ba a haɗa shi da fada a yini ɗaya sai da keke, kuma ana ba da hayarsa a gandun.

Da zan sake tsara ranar, jirgin ƙarfe 9 zan hau, in shiga bas daga tasha kai tsaye, in kasance a taga ana buɗewa ƙarfe 10, in gama da fada kafin ayari su taru, sannan in ratso gandu a ƙafa ina nufar tasha, kuregen ya ci rabonsa a hanyar dawowa. Wanda ya juya tsarin, ya fara da gandu, yakan iso fada a gajiye, wani lokaci ma ya tarar an rufe taga, domin ana daina sayar da tikiti tun kafin lokacin rufe ɗakunan. Wajen kuɗi, rubul 2,000 ga mutum ɗaya ya ishe mu har da shayi da ban ɗaki, mai katin ɗalibi mai hatimi kuma ya dawo da canji mai kauri, sai dai farashi na motsawa, a duba kafin a fito. Takalmi ya zama wanda ruwa ba ya shiga, mun yi tafiyar da ta haura kilomita 10. Lokacin shekara ma yana canza lissafin: a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, a Yuni kuwa dare ba ya yin duhu sosai.

Mun fito ƙofar tasha ƙarfe 5:30, tikitin dawowa na cikin fasfo. Jirgin yamma ranar hutu cike yake da masu dawowa daga gonakinsu na bayan gari, da bokitan tuffa da furanni, a tsaye muka yi tafiyar. A Kupchino muka sauka maimakon Vitebsky, domin shuɗin layi daga can yana kai mutum Gorkovskaya ba canji, kuma babban masallacin Pitasbag yana 'yan taku daga bakin tashar. Mun samu magariba a cikin jam'i.